Taku Sittin Daga Gindin Ƙarfe

Ni gajeriya ce, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba. Da ƙuruciyata in ana daɓen ɗakin amarya, ni ake sawa a gaba in ba da waƙa, dogayen mata suna bayana suna amshi, muryata kuwa har ƙauyen gaba ake jin ta. Ban shiga boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma a ƙauyukanmu na ƙasar Baure, in na buɗe baki zan ba da labari, mai daka ajiye taɓarya take yi. Na ba da labarin yunwa, na ba da na fara, na ba da na jirgin da ya riƙa sauka a bayan gidanmu har mutane suka haddace. Guda ɗaya ne kullum in na zo kansa nake kewayewa. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara hazo, gara in sauke shi.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, dogo ne na gaske, sai ya ranƙwafa yake shiga ɗakina. In za mu ganin gida yana gaba ina baya, shi tafiya yake yi, ni sassarfa. Ƙaninsa, abokin wasana, cewa yake yi an aura wa rimi tumfafiya. Ni kuma in ce masa tumfafiyar ce ke ba shi tuwo, ya kiyayi bakinsa. Gidanmu gidan gona ne, gida huɗu ne kawai a wurin, tsakaninmu da gari akwai ƙorama, maƙabarta kuma tana ƙetare.

Haihuwata ta fari mace ce. 'Yan yanzu ba su san irin kunyar ɗan fari da muka yi ba, suna ɗaukar nasu suna yi masa rawa a gaban surukai. Mu a lokacinmu ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a idon mutane, in ya faɗi ya yi kuka sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Ni kuwa na fi kowa. Da ni ake misali. Nono ma sai uwar mijina ta yi mini faɗa nake juya baya in ba ta. In zan yi maganarta sai in ce yarinyar can. Mata suna yabona, suna cewa 'yar gidan mutunci ce, ni kuma kaina yana ƙara girma. Abin da ba su sani ba, in kowa ya tafi gona aka bar ni da ita, nakan ɗora ta a cinya in yi ta shinshina wuyanta.

Ta fara tafiya ke nan ƙyanda ta shigo. Tsakiyar damina ce. Kwana shida yarinyar ta yi a kwance, ranar na bakwai da hantsi ta cika a hannun kakarta, ina tsugune a bakin murhu ina hura wutar da ba ta bukatar huri. An kwana ana ruwa, ƙorama ta kawo har ta shafe gaɓa, babu mai iya ƙetarewa da gawa. Maza suka yanke shawara a rufe ta a gonarmu, wajen wani babban gawo. Mace ba ta bin gawa, wannan kowa ya sani. Uwar ɗan fari kuma ko tambaya ba ta yi. Abin da na gani da idona shi ne uwar mijina ta shiga ɗakina, ta juye ruwan randata, ta miƙa wa maza ita ta kan danga. Randar da na zo da ita daga gidanmu ce, aikin wata maginiya ta garinmu mai yi wa wuyan randa zanen igiya layi uku, sannan ta danna babban yatsanta sau ɗaya a ƙarƙashi. Na ji ƙarar fasa ta gida biyu a bayan gida. Da ita aka rufe ramin kafin a tura ƙasa.

Ban yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa sun ga haƙuri. Gawon ina hango kansa daga tsakar gida, ya ishe ni. Ban san ko gabas da shi take ba ko yamma, amma na san tana inuwarsa, in na fito shanya sai in ɗan kalli wajen kamar mai duba hadari.

Damina biyu bayan haka baƙi suka zo. Turawa biyu ne da ma'aikatansu, da mota mai tsayin ƙafa, da wasiƙa daga Daura. Mai gari ya tara maza ya ce masu neman arzikin ƙarƙashin ƙasa ne, kuma tun da babu hanyar mota ta kirki, za su yi filin da ƙaramin jirginsu zai riƙa sauka. Wasu suka ce ƙarfe suke nema, wasu suka ce wani dutse ne irin wanda ake haƙa can cikin Nijar. Har suka tafi babu wanda ya san gaskiya. Suka ja igiya doguwa daga yamma zuwa gabas, igiyar ta ratsa ta tsakiyar gonarmu. Ranar da katafila ta tura gawon ina sussuka. Na ji faɗuwarsa a tafin ƙafata. Na ɗaga kai, sama ta yi fili a inda kansa yake, na ci gaba da sussukata.

Abin da ya fi ci mini rai, maigidana da kansa ya shiga lebura a wurin. Kullum ya dawo jikinsa ja wur da burjin da motoci suke kawowa daga nesa, in kai masa ruwan wanka, in ajiye masa tuwo, a zuciyata ina cewa mutumin nan ya sayar da inuwar 'yarsa. Ban faɗa masa ba. Ta yaya zan faɗa, bayan maganar tata ce? Shekaru na riƙe shi da wannan.

Filin kam ya yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Ni da na san daɓe, ban taɓa ganin irinsa ba. Suka zuba jan burji, suka yayyafa ruwa, wata mota mai ƙafar ganga ta yi ta bi tana dannewa har ya zama kamar tsakar ɗakin amarya, tsawonsa kuwa in mutum ya tsaya a wancan bakin ba ka gane ko waye. Suka jera duwatsu a gefe suka shafa musu farar ƙasa. A bakin yamma suka kafa dogon ƙarfe a cikin siminti, suka ɗaura masa wani ƙyalle mai kama da ƙafar wando, in iska ta shiga sai ya miƙe ya nuna inda ta dosa. Jirgin ɗan ƙarami ne, farfelarsa a hanci. Yakan tashi ya yi ƙasa-ƙasa yana jan wani abu kamar gora a igiya, ya je ya dawo, ya je ya dawo, kamar mai huɗa. Awakinmu sun yi wata guda ba su saba ba. Da yamma ma'aikata su dawo da ƙasa da tsakuwa a 'yan jakunkuna, kowace da rubutu a jikinta.

Rani uku suka yi. Wata safiya jirgin ya tashi bai dawo ba, motoci suka kwashe tantuna, aka ce za su dawo bayan damina. Ƙyallen ya yi ta kaɗawa har ya yage ya bi iska. Ƙarfen ya daɗe a tsaye, daga baya maƙera suka sare shi, sai gindin simintin ya rage da guntun ƙarfe a tsakiya. Gonar ba ta komo gona ba, garma ba ta shiga burji. Sai filin ya zama namu, mu mata. Da kaka ka zo ka ga shanya tun daga nan har can: barkono, kuɓewa, gyada, zoɓorodo, ga masu casa, ga masu sheƙa, babu yashin da zai shiga hatsi. Har daga ƙauyukan ƙetaren ƙorama ake zuwa. Ni ce uwar wurin, ni ke raba wa kowa inda za ta shimfiɗa, ni ke ba da labari in rana ta yi zafi an koma inuwa. Na haifi shida bayan ta farko, huɗu suka rayu. Duk wannan zamanin, in zan hau filin takalmina a hannu yake. Mata suna cewa tsabta ce ta yi mini yawa. Ban san inda take ba, don haka duk inda na taka sai in ji kamar nan ne.

Sai da maigidana ya kwanta ciwon ajali ya yi maganar. Bayan la'asar ne, mun fito da shi inuwar rumbu ya sha iska, 'ya'ya sun ɗan ba mu wuri. Ya ce in matso. Ya tambaye ni ko na san gindin ƙarfen nan na tutar iska. Na ce wa bai san shi ba.

Ya ce, "Ki tsaya a kansa, ki fuskanci gabas. Taku sittin. Tana nan."

Shi ma bai faɗi sunan ba. Ya huta, sannan ya gaya mini abin da ya sa ya shiga lebura. Da ya ga za a tura gawon, ya san alamar za ta ɓace, kuma bakinsa ba zai iya zuwa gaban mai gari da Turawa ya ce 'yarsa ta fari tana nan ba. Sai ya shiga aikin don ya tsaya a wurin. Ya tabbatar ba a haƙa ba, zubawa kawai aka yi a kai. Burjin da ya rufe daidai wurin, shi ya ɗauko shi a kwando da kansa, ya baje da hannunsa. Ranar da aka kafa ƙarfen ya auna da ƙafarsa, ya riƙe a ransa. Ya ce ya ga yadda nake cire takalmi, ya daɗe da sanin dalili.

Ni kuwa, da duk bakin nan nawa, abin da na iya cewa shi ne, "To. In kawo maka kunu?" Kwana tara bayan haka ya rasu. Ban roƙe shi gafarar zargin da na yi masa ba, don bai san na yi ba, ko kuwa ya sani, Allah kaɗai ya san wannan.

Da na fita takaba na je da sassafe kafin masu shanya su fito. Na hau simintin, na fuskanci gabas, na yi bisimilla, na ƙirga. Na sake komawa na ƙirga har sau uku, kowane karo ƙafata wuri ɗaya take tsayawa, kusa da wani farin dutse da ya rage a gefe. Na zauna a nan. Abin da ban yi ba ranar da aka fasa randa, ranar na yi shi. Daga nan na saro ƙaya na kewaye wurin. Mata suka tambaya, na ce nan nawa ne, kada wadda ta shimfiɗa ko tsinke. Ba a yi mini gardama. A hankali tsofaffi suka gane, suka gaya wa yara, aka riƙa kewaye wurin ana rage murya. Kowace Juma'a in share shi, in sabunta ƙayar da ta ruɓe. Sauran filin kuma na fara takawa da takalmina, hankalina kwance. Na fi shekara goma a haka.

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ne aka zo yin titin da zai haɗa mu da babbar hanyar Baure. Mun yi murna, don matanmu sun sha mutuwa a amalanke kan hanyar asibiti. Sai mai kwangilar ya ga babu burji a kusa in ba na filin jirgi ba, ga shi a shimfiɗe babu mai shi. Aka ce za a kwashe. Suka fara daga bakin gabas, katafila tana ɓamɓarowa tana tarawa, leburori suna lodawa da shebur, tifa tana jigila. Kuma ba burjin kaɗai ba, har jar ƙasar da ke ƙarƙashi suke bi, ramin ya kai ƙugun mutum. Mata suna ta ƙunƙuni kan wurin shanya. Ni lissafina daban, ina ganin ramin yana tahowa yamma kullum.

Na yafa mayafi na tafi ƙofar mai gari, ɗan wancan na farko. Na ce akwai wurin da ba za a taɓa ba. Ya ce yanzu irin wannan magana ba a yanke ta da ka, sai an kira liman. Aka sa rana. Liman ɗinmu na lokacin matashi ne, ya yi karatu mai zurfi, ba ya wasa. Ga shugaban leburori, ga dattawa a zaure, ni ina daga bakin ƙofa a kan tabarma. Liman ya ce kabarin Musulmi yana da hurumi, babba ne ko yaro, ba a tone shi don titi. Amma magana sai da shaida, kuma sai an san wanda ke ciki.

Ya ce, "Iya, wa ke kwance a wurin?"

Na ce wata yarinya ce.

"'Yar wa?"

Na kalli tabarma. Tsofaffin da ke wurin duk sun sani, suka sunkuyar da kai, sun san abin da ake nema in yi. Shekara kusan hamsin ina riƙe da bakina, har ana ba 'yan mata labarina. Liman bai san da wannan ba, ko kuma ya sani yana ganin ba addini ba ne. Ya sake tambaya a hankali. Daga nesa ina jin kukan katafila.

Na ce, "Tawa ce. Ta fari."

Ban mutu ba. Na ɗauka zaure zai rufto, bai rufto ba. Ƙanin mijina ne ya yi shaida, ya tsufa shi ma, yana dogara sanda. Ya ce shi ya ɗauki rabin randar zuwa wajen gawon, yana tsaye aka rufe. Aka tambaye shi daidai wurin, ya ce shi gawo ya sani, gawo kuma babu, amma in matar yayansa ta ce nan ne, to nan ne, don matar nan ko ƙwayar gero ba ta ɓace mata. Wani dattijo ya ƙara da cewa ya ji zancen a bakin mahaifinsa. Shugaban leburori mutumin kirki ne, ya ce shi ma yana da 'ya'yan da ya binne. Aka yarda za a bar taku goma kowane gefe daga ƙayata. A hanyar komawa ƙanin mijina yana ta tsokanata, wai yau ya ga abin da bai taɓa gani ba, uwargida ta yi haihuwar fari a gaban liman. Na ce ya bari mu isa gida in fasa masa sandar a ka. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba. Na ji na yi mata abu ɗaya a duniya a gaban mutane.

Duk da haka ban yarda da kowa ba. Da aikin ya matso, kullum da safe sai in ɗauki tabarma da buta in zauna a jikin ƙayar, in kafa zani a kan sanda ya yi mini inuwa. Leburorin suka saba da ni, suna kirana Iya direban jirgi, suna tambaya yaushe za mu tashi. In ce sai sun yi wanka, jirgina ba ya ɗaukar ƙazamai. Ina dama musu fura, ina ba su labarin Turawa da gorar da jirgi ke ja, suna dariya suna loda mota. Wata Talata katafila ta yi aiki a gabana, tsakanina da ita bai fi jifan dutse ba. Ina kallo ta kafa baki ta ɓamɓaro, ta tura, ta koma. Har ina yi wa direban ihu ya yi hankali kada ya matso. Ya ɗaga mini hannu. Tifa ta yi sawu biyar daga wannan tarin kafin azahar.

Ana hutun azahar sai wani lebura, magidanci mai yawan barkwanci, ya taho yana goge wani abu a rigarsa. Ya ce, "Iya, ga tukunyar mutanen da, ko ta kakarki ce?" Ya ajiye mini a tabarma. Guntun wuyan randa ne, bai fi tafin hannu ba. Na kankare jar ƙasar da farce. Zanen igiya layi uku. A ƙarƙashi, gurbin babban yatsa.

Na tambaye shi inda ya samo. Ya nuna mini can, inda katafila ta yi aiki da safe, ya ce akwai wasu gutsattsarin ma, sauran sun bi mota. Da ya ga fuskata sai ya daina dariya.

Na aika aka kira ƙanin mijina. Ya zo yana mita, wai na hana shi ƙailula, ko na yanke shawarar aurensa ne a ƙarshe. Na miƙa masa. Ya juya shi a hannu, ya shafa da yatsa. Ya tambayi abin da yayansa ya ce mini daidai, na maimaita masa. Ya ce in je in ƙirga ya gani. Na hau simintin na ƙirga, leburori suna tsaye suna kallo, na tsaya a jikin ƙayata. Ya jingine sandarsa, ya koma simintin, ya tattare rigarsa. Sai ya fara tafiya irin ta yayansa, yana buɗe ƙafa iyakar ƙarfinsa, yana tangaɗi, yana ƙirgawa a fili. A arba'in ya wuce ni. Ya wuce iyakar da aka bar mini. Ya kai hamsin da biyar ƙasa ta ƙare, yana tsaye a bakin rami.

Ya juyo ya ce, "Matar Yaya, da ƙafarsa ya auna."

Shekara arba'in ina sassarfa a bayan mutumin nan. Babu wanda ya fi ni sanin tsawon takunsa. Amma ranar da ya ce sittin, ban tuna ba, shi ma bai tuna ba, yana kallona a gabansa ƙarama kamar kullum. Kuma da na gaya wa ƙaninsa tun farko, da na kira ɗaya daga 'ya'yana maza, dogaye irin ubansu, na ce zo ka ƙirga mini, da an gane. Ban kira kowa ba, don sai na faɗi ko wace ce. Na je ni kaɗai da sassafe kamar ɓarauniya. Wurin da na fi shekara goma ina sharewa, babu kowa a ciki. Inda take kuwa, nan ne nake ba masu casar wake, na sha tsayawa a kai da takalmina ina ba da labari.

An tsayar da aiki ranar. Liman ya zo, ya shiga ramin da kansa da rigarsa fara, shi da leburori suka yi ta tankaɗe ƙasa da hannu. Sun sami gutsattsarin randa, da wasu 'yan abubuwa da ya ce kada a nuna mini. Ya naɗe a farin ƙyalle. Ya zo ya tsuguna a gabana ya ce babu laifi a kan kowa, Allah ya san inda kowace ƙwaya take, kuma zai tara ta ranar da zai tara kowa. Na ce na sani. Direban katafilar yana gefe yana share ido da hula, na ce masa ya daina, ni na zauna ina kallo. Aka kai abin da aka samu maƙabarta, yanzu an yi kwalbati a ƙoramar, ko da damina ana ƙetarewa. Maza suka tafi. Na tsaya a bakin filin har suka ɓace, wannan karon ma ban bi ba.

Kafin direban tifa ya tafi na tambaye shi inda ya juye sawu biyar ɗin safe. Ya ce daga kwalbatin zuwa wajen wata tsamiya, kuma an riga an baje, an danne. Shugabansu ya ce in ina so a tone. Na ce a tone a nemi me? A bar ta haka, ta gaji da tashi.

Yanzu filin jirgi babu shi, sai dogon kududdufi da shanu ke sha da damina. A cikinsa akwai wani tudu mai jan kai, murabba'i, tsaye shi kaɗai, wanda aka bari saboda ni. Na je da hannuna na kwashe ƙayar. Har yau wasu in sun wuce suna yi masa sallama, na gaya musu babu kowa, ba su daina ba. Guntun wuyan randar yana cikin kwallar ajiyar kayana, na ce in na mutu a sa shi cikin abin da za a rufe ni da shi.

Titin ya yi amfani, jikokina biyu a asibiti aka haife su. In za ni kasuwa a babur, muna isa kwalbatin nake cewa a sauke ni. Masu babur sun sani, ba sa tambaya, sukan wuce su jira ni a tsamiya. Sai in cire takalmi, in sauka gefe in bi ta cikin yashi. Na ƙirga tsakanin, da ƙafata ɗari biyu da goma sha ne. Wata rana ina tsakiya, babu kowa kusa, na gwada kiran sunanta. Harshena ya yi tuntuɓe a kai, sunan da ban taɓa faɗa ba ne. Na sake, ya fita daidai. Wata mota ta taho da lodin buhuna, na matsa na ba ta hanya, ta bi ta kan inda 'yata take ta wuce.